Munduwar da Ba Ta Bukatar Yatsu

Gidanmu gidan ƙirar fari ne, a cikin Birni, gab da manyan duwatsun nan da suka tokare unguwar. Kakana maƙeri ne, ubana maƙeri ne. Ni kuwa na yi shekara huɗu a lakwal, makarantar boko, mushe malaminmu ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, na dawo zauren Baba na ɗauki masaba. Ba ma ƙera fartanya ko gatari, wannan aikin maƙeran baƙi ne. Mu azurfa da tagulla muke taɓawa, muna yin zobba da 'yan kunne da mundaye da awarwaro. Lokacin da abin nan ya faru na riga na yi aure har da 'ya ɗaya. Yawancin aikin zauren ya dawo hannuna, Baba yana zaune kan buzu yana duba abin da na yi, ya ce a sake ko ya ce a bari.

Kamar shekara guda ke nan kafin Nasara su sauke tutarsu. Gari ya cika da maganar mulkin kai, duk wanda ya shigo zaure da labarin da zai kawo daga Yamai. Wata safiya ina hura zugazugi sai na ji sallamar mace a waje. Na amsa, na ce ta shigo. Ba ta shigo ba. Da na leƙa sai na ga dattijuwa doguwa, ta kai shekara hamsin, ta zauna a ƙasa cikin rana, hannayenta duka biyu a ƙarƙashin mayafi.

Baba ya ce, "Baiwar Allah, daga ina?"

Ta ce, "Daga Kara-Kara, Malam."

A wancan zamanin ba a bukatar ƙarin bayani. Kara-Kara can bayan gari take, inda aka tara masu ciwon kuturta. Ta fito da hannayenta, ta turo wani ƙulli da gindin tafinta har bakin zaure. Hannun dama babu yatsa ko ɗaya, na hagu saura babban yatsa da rabin na kusa da shi. Na kwance ƙullin. Zobba ne na azurfa masu yawa, wasu sun sha hannu har zanensu ya goge, da wata tsohuwar munduwa mai nauyi.

Ta ce ita mutuniyar Gidimuni ce, makitsiya ce a da. Zobban nan duk nata ne, wasu miji ya saya mata, wasu matan da ta yi wa kitso suka ba ta. Tun da yatsun suka tafi suke ƙulle a ƙasan tukunya. So take a narka su duka a yi mata munduwa guda wadda za ta iya sawa da kanta, ta cire da kanta. Ta je wurin maƙera uku kafin mu. Biyu sun ce ba sa karɓar aiki yanzu, na ukun ko ƙullin bai yarda ta ajiye a ƙofarsa ba.

Baba ya ce, "Ba ƙyamar kayanki nake ba, wuta za su shiga. Amma munduwa iri biyu muka gada. Akwai wadda ake buɗawa da ƙarfi a sa hannu a matse, akwai wadda ake haɗa bakinta a zura ƙusa. Kowacce sai da yatsu. In yi miki mai kyau, ki sami wanda zai riƙa sa miki."

Ta ce, "Malam, mu huɗu ne a ɗakinmu. In ka tattara yatsunmu gaba ɗaya ba za su cika hannu biyu ba. Kuma na gaji da jira. Wani ke ɗaura mini ɗankwali, wani ke buɗe mini ƙulli. Wannan abu guda ina so ya zama tsakanina da shi kawai."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Inna, bar su nan. Zan gwada."

Ta dube ni sosai, ta ce, "Ɗana, in ba za ka iya ba ka faɗa mini, ba zan ji haushi ba. Amma kada ka narka su sai ka tabbata."

Bayan ta tafi Baba ya ce, "Ka karɓi aikin da ba ka san kansa ba." Na ce haka ne. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Na adana azurfarta a cikin wani gwangwani, na ce ba zan taɓa ta ba sai na gane hanyar. Da tagulla na fara gwaji, bayan na gama aikin mutane na yini. Abu na farko da na yi shi ne na sa maiɗakina ta naɗe mini yatsu da tsumma, ta ɗaure tam, hannuna ya zama dunƙule. Tana ɗaurewa tana dariya, tana cewa ko na sami taɓuwa ne. Na ɗauki mundayen da ke zaure ɗaya bayan ɗaya na gwada sawa. Ko ɗaga su daga tabarma sai da na sha wuya. A nan na gane munduwar dole ta buɗe gida biyu kamar ƙyaure, ta zauna a ƙasa ko a cinya a buɗe, mutum ya ɗora hannu a ciki ya danna, ta rufe da kanta.

Buɗewa gida biyu ba wuya, na taɓa ganin irinsa a murfin akwati. Abin da zai kama bakin ya riƙe shi ne ya gagare ni. Na yi ƙugiya, tana zamewa. Na yi wani harshe mai shiga rami, in ya shiga ba ya fita. Wata biyu ina wannan fama.

Akwai wani Bakano a kasuwa, mai sayar da kwaɗo da madubi da agogo, muna gaisawa. Wata rana na tsaya a rumfarsa sai na ga ya fito da agogon aljihu, ya danna kansa da babban yatsa, murfin ya tashi da kansa. Ya mayar, ya ce ƙas, ya kama. Na ce, "Alhaji, don Allah sake yi in gani." Ya sake. Na ce ya sake. A karo na huɗu ya ce, "Kai, saye za ka yi ko wasa?" Na gaya masa labarin gaba ɗaya. Ya jawo wata jaka daga ƙarƙashin teburinsa, ya fito da mataccen agogo irin wancan, ya ce, "Wannan ya daina tafiya tun bara. Je ka farke cikinsa ka ga abin da kake nema."

Da na buɗe shi sai na tarar da wani siririn ƙarfe a lanƙwashe, in ka danna ya kwanta, in ka saki ya tashi. Na kai wa wani bakanike a garejin manyan motoci, ya ce rasor suke ce masa, kowace mota da irin nata. Na dawo ina murna kamar na gama aikin. Na doki tagulla har ta yi siriri ta yi tauri, na lanƙwasa, na danna, ta tashi. Na sa sinadari na manna ta a jikin munduwar da wuta. Da ta huce na danna, sai ta kwanta, ba ta tashi ba. Na sake, haka. Na canja kauri, na canja tsawo, na gwada da ɓarɓashin azurfarmu ta zaure. Kowane lokaci kafin in manna tana da rai, bayan na manna ta mutu. Gwangwani guda na cika da matattun harsuna.

Duk wannan a gaban Baba nake yi, bai taɓa tambayata ba. Ran nan na jefar da awartaki na zauna na dafe kai. Sai ya ce, "Miƙo mini ɗaya." Na miƙa masa. Ya juya shi a hannu, ya lanƙwasa da farce.

Ya ce, "Me kake yi wa azurfa in ta yi maka tauri kana so ta yi laushi?"

Na ce, "Wuta nake sa mata."

Ya ce, "To. Ka doke ta ta yi tauri, ka koma ka sa mata wuta, kana mamakin ta yi laushi? Gama duk aikin wutarka tukuna. Harshen nan shi ne na ƙarshe, ka huda shi ka kafa shi da ƙusa a sanyi. Kuma ka ƙara masa 'yar tagulla a narki, azurfa zalla ba ta da taurin kai."

Abin da na sani ne tun ina ƙarami, amma ban taɓa haɗa shi da wannan ba. Washegari na yi yadda ya ce. Na sa aka naɗe mini yatsu, na ɗora munduwar tagullar a cinya, na sa hannu na danna. Ta ce ƙas. Na yi mata wani ƙulu babba a waje, in ka danna shi da haɓa ko da ɗaya hannun sai ta buɗe. Na rufe na buɗe ya fi sau talatin, har Baba ya ce in bar mutane su ji da kunnensu.

Na ɗauki ta gwajin na tafi Kara-Kara. Ban taɓa shiga ba sai ran nan. Bukkoki ne da 'yan ɗakunan ƙasa a tsakanin duwatsu, akwai kaji, akwai yara suna wasa, wata mata tana daka da taɓarya ɗaure a damtsenta. Aka nuna mini ɗakin makitsiyar Gidimuni. Ta shimfiɗa mini tabarma can nesa, na jawo ta kusa. Ta ɗora hannu ta danna, munduwar ta kama. Ta kai haɓa ta danna ƙulun, ta buɗe. Abokan ɗakinta uku suka yi guɗa. Na ce ta riƙe ta kwana bakwai tana sawa, in ga inda za ta ba da matsala kafin in taɓa azurfar.

Labarin zuwana ya riga ni komawa Birni. Wata matar attajiri da ta ba mu aikin 'yan kunne ta aiko a karɓo kayanta, ta ce ba ta son hannun da ya taɓa kutare ya taɓa abin da za ta sa a kunne. Wasu biyu suka bi bayanta. Na zaci Baba zai hana ni. Da ɗan aiken ƙarshe ya fita, Baba ya ce, "Ka ga abin da ka jawo mana." Na ce na gani. Ya ce, "To tun da ka jawo, sai ka gama shi da kyau. Kada a ce mun yi asarar mutane a kan aikin banza."

Da kwana bakwai suka cika na koma. Ta tarbe ni da fara'a, tana cewa ko sau ɗaya ba ta faɗi ba. Na ce ta cire in duba. Da ta cire sai na ga wuyan hannunta ya yi rauni, gefen munduwar ya yanke ta, wurin ya kumbura har ya fara ruwa. Na ce, "Inna, me ya sa ba ki cire ba da kika ji zafi?"

Ta dubi wurin kamar hannun wani take kallo. Ta ce, "Ai ba na jin zafi a nan, ɗana. Ko wuta ce sai na ji ƙauri nake sani."

Kunya ta rufe ni. Na naɗe yatsuna na ɗauka na san halin da take ciki, ashe rabi na sani. Na raka ta gidan likita aka wanke aka ɗaure. Wata guda raunin bai warke ba, kuma kowace Jumma'a sai na je na duba. A hanya nake ta tunanin gyara. Na mayar da gefunan a dunƙule kamar bakin ƙwarya, babu kaifi ko kaɗan. Na faɗaɗa cikin don iska ta riƙa shiga. Na je wurin wani baduku maƙwabcinmu ya yanko mini jar fatar akuya mai laushi, irin wadda ake yi wa layu, na shimfiɗa ta a ciki na kafa da ƙananan ƙusoshi da aka binne kawunansu. Kowace sabuwa sai na sa ta a hannuna yini biyu ina aiki da ita, in cire in duba ko ta bar shaida.

A zaman jinyar nan ne maganar ado ta taso. Ni niyyata in yi mata zanen da muka gada, 'yan ɗigo da layuka masu gicciye. Ta ce ba ta so, irin wannan kowace mace tana da shi. Ta ba ni labarin wani kitso da ita ta ƙirƙiro a Gidimuni, tun tana zama bakin tafki ƙarƙashin dabino tana yi wa mata. Silla biyar ake raba gashin, ba uku ba, kuma ba ya tafiya a miƙe, yana karkata ya dawo. Ta koya wa mata da yawa, babu wadda ta riƙe shi daidai.

Ta ce, "Shi nake so a kai."

Na ce, "Inna, ni ban iya kitso ba."

Ta ce, "Ni ma ban iya ƙira ba. Kana da yatsu, ina da kitson. Kawo wayarka."

Na ja wayar tagulla siriri na kawo silla biyar, na kafa kansu a wani guntun itace. Ta zauna gabana tana faɗa ina yi. "Na gefen dama, ɗora shi kan biyu. A'a, kan biyu na ce. Yanzu shigar da shi ƙarƙashin ɗaya. Ja. Ka ja da yawa, da kan mutum ne da ta yi kuka." In na ɓata sai ta buge mini gwiwa da dunƙulen hannunta. Wani lokaci bakinta ya kasa faɗin abin da hannunta ya sani, sai in ga guntun yatsanta yana motsi a iska, ta rufe ido, sa'an nan ta ce, "Yawwa, na tuna, na tsakiya ne ke tsallakewa." Abokan ɗakinta suna zagaye da mu, kowacce da nata gyaran. Jumma'a shida muka yi kafin ta kalli abin da na kitsa ta ce, "Wannan shi ne."

Sai a lokacin na buɗe gwangwanin azurfarta. Na tambaye ta ko tana so ta zo ta gani, ta ce tana so. Ta zauna a bakin zaure inda ta zauna ran farko, Baba ya ce ta matso inuwa, ta matso. Na zuba zobban a kasko ɗaya bayan ɗaya. Tana kallo tana faɗin mai kowanne, wannan na matar mai gari ne, wannan na wata amarya daga Takieta, wannan maigidana ya kawo daga Kano. Da suka narke suka zama ruwa ɗaya ta ce, "Alhamdu lillahi," ta share ido da bayan hannu.

Kwana ashirin na yi ina aikin. Munduwar ta fito da faɗin yatsu uku, kitson ya taso daga gefe ɗaya ya karkata ya ƙare a kan ƙulun buɗewa, ɗaya gefen na bar shi sumul babu zane. Na dafa ta da tsamiya, na goge har ta yi fari tas. Baba ya karɓa ya daɗe yana juyawa. Ya ce, "Gefe ɗaya ya fi ɗaya kaya." Na ce da gangan ne, haka kitson yake tafiya. Ya ce, "Ubana da ya gani da ya ce a sake." Ya miƙo mini, ya ce, "Ni na ce a bari."

Damina ce, kwana kaɗan kafin ranar da aka ɗaga sabuwar tuta, na kai mata munduwarta. Ran bikin gari ya fito, ana kiɗa a ko'ina. Da hantsi na hango ta cikin taron, ta ci ado da baƙin zane mai shuni, ta yaye mayafin daga hannun dama, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Mata suna ja da baya in ta matso, amma idonsu yana kan hannun. Na ji wata tana tambayarta daga nesa, "Wa ya yi miki wannan?" Ta ce, "Ni da wani yaro a Birni."

Ba a yi wata biyu ba aka fara zuwa zaure ana neman munduwa mai kitso. Na je na tambaye ta ko ta yarda in yi wa wasu. Ta ce in yi, dama don a sa ta ƙirƙiro shi, amma kada in rage silla ko ɗaya don sauri. Matan Kara-Kara kuwa kowacce da nata. Wata 'yan kunne take so masu ratayawa ba sai an zura ba, wata abin wuya mai faɗin da zai shiga ta kai. Na yi musu, yawanci da tagulla, kuma kowanne sai da ya koya mini wani abu.

Bayan 'yan shekaru wasu ma'aikata suka zo daga Yamai suna tattara aikin hannu na ƙasa don a nuna. Suka ga irin munduwar a zaurenmu, na ce ta asalin tana Kara-Kara. Ɗayansu, wani saurayi mai na'urar hoto, ya ce in kai shi. Muka same ta tana shanya kuɓewa. Ya gaishe ta da ladabi, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan dutse, ya roƙe ta ta cire munduwar a ɗora a kai ya ɗauka.

Ta kai haɓa ta danna, munduwar ta buɗe ta faɗo cinyarta. Ta bar shi ya duba ciki da waje. Da ya miƙa hannu zai kai ta kan ƙyallen sai ta ɗora hannunta a ciki ta danna, ta kama.

Ta ce, "A nan take zama, ɗana. In hoto za ka ɗauka, ɗauke ta a nan."

Saurayin ya dube ni, na ce masa maganarta ce. Ya naɗe ƙyallensa, ya durƙusa a ƙasa, ya ce ta ɗan juyo wajen rana. Ta gyara zama, ta miƙa hannun a kan gwiwarta, ya ɗauka sau biyu. Da za mu tafi ta sa aka ƙulla masa busasshiyar kuɓewa ya kai wa mahaifiyarsa, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya.